Littafin aiki: auna tashin laka a kududdufin bayan badala

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Tambayar da nake bi gajeriya ce. Dagwalon da ke cikin ruwan kududdufin nan, nawa ne sabon shigowa, nawa ne tsohuwar lakar gindinsa da ke tasowa tana sake kwanciya, kuma me ke tayar da ita? Duk wanda na tambaya a unguwar amsa ɗaya yake ba ni, wai ruwan kwata ne. Kwata tana shigowa kam, har biyu, ta gefen gabas. Sai dai abin da suke kawowa yanzu da rani bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma ruwan bai fasa zama ƙasa-ƙasa ba tun da damina ta ɗauke.

Kududdufin yana yammacin birni, jingine da badala. Irin waɗanda aka haƙa ne ana ɗibar ƙasar gini, kamar yawancin kududdufan Kano. Na zagaya shi da tef, ni da ƙanena: tsawo kimanin mita 250, faɗi kimanin 160, wato hekta 4 ke nan. Zurfi mun gwada da doguwar sanda mai alama. Inda ya fi zurfi mita 2.1, matsakaici kuma 1.3.

Kafin na taɓa ruwan sai da na je gaida mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, karatu ne ya kawo ni, ba fili nake aunawa ba." Wannan kalma ta ƙarshe ita ta buɗe ƙofa, domin a nan duk wanda aka gani da tef a bakin kududdufi ana ɗauka cikewa za a yi a yanka filaye. Shi ya haɗa ni da dattijon da ke su a wurin, wanda kowa ke kira Baba.

Talata, 10 ga Disamba

Sayayya. Ƙofar Ruwa da safe, Ƙofar Wambai bayan azahar.

Fayif inci 3, tsayi ɗaya, ₦8,500. Murfin fayif guda 12, ₦7,200. Rodi ₦9,000, walda ₦5,000. Igiya ₦3,000. Robobi masu murfi ₦4,000. Faifan ƙarfe da fenti baƙi da fari ₦2,500. Kuɗin adaidaita ₦2,300. Jimla ₦41,500.

Tarkon laka ba wani abu ba ne illa guntun fayif da aka toshe gindinsa aka tsayar a cikin ruwa bakinsa na kallon sama. Duk abin da ke nitsewa sai ya faɗa ciki ya taru. Sirrin yana wajen tsayi. Idan fayif ɗin gajere ne, motsin ruwa zai leƙa har ƙasansa ya kwashe abin da ya tara. Masu bincike Bloesch da Burns sun tantance wannan tun 1980: tsayin ya ninka faɗin baki aƙalla sau 5, a ruwa mai yawan motsi kuma sau 10. Nawa faɗin bakinsu santimita 7.5, na yanka su santimita 45, ninki 6 ke nan. Da so samu ne in ƙara, amma a gefen da zurfi bai kai mita ba dogon tarko zai fito waje.

Faifan kuwa na gwada hasken ruwa ne, faɗinsa santimita 20, ana zura shi da igiya har ya ɓace wa ido a rubuta zurfin. Sunan Angelo Secchi yake ɗauke da shi, wanda ya fara amfani da irinsa a 1865. Takardar tacewa ta zaren gilashi ta fi ƙarfin aljihuna, malamina ya ba ni rabin kwali, Allah ya saka masa da alheri.

Asabar, 14 ga Disamba

An kafa tarko 8 a wuri uku. Biyu a gefen kudu maso yamma, inda iskar hunturu ke kora igiyar ruwa, zurfi santimita 70. Biyu kusa da bakin kwata, zurfi mita 1. Huɗu a tsakiya a jikin rodi ɗaya, biyu bakinsu santimita 60 sama da laka, biyu kuma mita 1.3. Baba ne ya shiga tsakiyar a kan gorarsa, ni ina biye a tib ɗin tirela.

Na sa dogon takalmin roba da safar hannu, na kuma hana ƙanena shiga da ƙafa. Akwai katantanwa a jikin kainuwar da ke gefe, kuma tsargiya ba baƙuwa ba ce a irin wannan ruwa. Yaran da ke wanka a ciki kullum suna raina.

Faifai ya ɓace a santimita 22.

Asabar, 21 ga Disamba

Tarkon gefen kudu maso yamma babu su babu dalilinsu, har da rodin. Gorar ruwan da na ɗaura don in gane wurin ita ta tona asiri. Wani mai wankin adaidaita ya ce ya ga almajirai sun ciro su tun ranar Litinin, sun zaci wani sabon tarkon kifi ne. Da suka ga laka ce kawai sai suka zubar, fayif ɗin kuma ya zama abin wasa.

Na sami malamin tsangayar a zaurensa bayan la'asar. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ba ƙara na kawo ba, taimako nake nema." Na yi masa bayanin aikin dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni amfanin sanin nawa laka ke tashi. Na ce idan wata rana aka tashi gyara ruwan, a san ta inda za a kama. Ya aika aka kawo fayif ɗin biyu, rodin dai an riga an kai wa 'yan gwangwan. Ya kuma ba ni wani gardi da zai riƙa sa ido, muka shirya ₦2,000 duk mako. Daga yau babu gora a saman ruwa. Ina gane wuri ta hanyar daidaita ido da abubuwa biyu na tudu, wata darbejiya da kusurwar wata katanga.

Sauran shidan suna nan lafiya. Na toshe bakin kowanne da tafin hannu tun yana cikin ruwa kafin in ɗago, na juye a roba. A na ƙasan tsakiya lakar ta kai kaurin yatsa biyu, sulɓi gare ta, launin toka mai duhu, da ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Talata, 24 ga Disamba

Kwana biyun nan a ɗakin gwaji na yi su. Ana busar da laka a obin a zafin digiri 105 har nauyinta ya daina sauka, a auna, sannan a ƙona ta a digiri 550. Abin da wuta ta cinye shi ne ɓangaren da ya fito daga rai, wato gansakuka, ganye, ƙazantar kwata. Abin da ya rage ƙasa ce tsantsa.

Jiya an ɗauke wuta obin bai yi awa biyu da kamawa ba, ba a dawo da ita ba sai dare. Laka mai danshi idan ta kwana a ɗumi tana ci gaba da ruɓewa, lissafi ya lalace. Na kwashe su na sa a kula da ƙanƙara, yau muka yi karo-karo da wasu ɗalibai biyu muka zuba mai a janareta. Rabona ₦6,000.

Tarkon ƙasa na tsakiya ya ba da giram 6.2 busasshe. Bakin tarko murabba'in santimita 44 ne, don haka kimanin giram 200 ke sauka a kan kowane murabba'in mita a kowace rana. Na sama giram 4.1. Bambancin nan kaɗai yana magana: da daga sama abin yake zuwa, da duka biyun sun kama daidai wa daida.

Sai lissafin da wani mai bincike, Gasith, ya fitar a 1975 don raba tsohuwar laka da sabon abu, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Lakar gindi ta daɗe tana ruɓewa, saboda haka ɓangaren rai a cikinta kaɗan ne. Sabon abin da ke yawo a ruwa kuma ɓangaren ransa da yawa. Abin da tarko ya kama gaurayen biyun ne, inda ya fi karkata can ya fi fitowa. Lakar gindi ta ba ni kashi 12 cikin 100. Sabon abu, wanda na tace daga ruwan sama-sama da na bari ya kwanta, kashi 48. Na tarko kashi 19. A cire 19 daga 48 saura 29, a cire 12 daga 48 saura 36, a raba 29 da 36. Kashi 81 cikin 100 na abin da ke sauka tsohuwar laka ce da ta tashi ta dawo. A bakin kwata kashi 64.

Sakamakon mako ɗaya ne, ban ɗora masa nauyi ba tukuna. Amma na kwana da shi a raina.

Asabar, 28 ga Disamba

Kwashewa da mayarwa, duka takwas. Faifai 21. Tsakiya kashi 78.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Hazo ya sauko sosai tun ranar Alhamis, daga bakin kududdufin ba a hango Goron Dutse. Na ga ƙura kwance a saman ruwan, sai wata damuwa ta zo min. Ƙurar hunturu kusan ƙasa ce zalla, ɓangaren rai a cikinta kaɗan ne. Idan ta faɗa tarkona, lissafin Gasith zai ƙirga ta a matsayin lakar gindi, alhali daga sama ta zo.

Wani abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne asalin ƙurar. Babban tushenta kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi na shekaru dubbai da suka wuce. Cike take da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka rayu suka mutu a wancan tafki. Ashe ita ma lakar gindin tafki ce, iska ta tayar da ita ta ɗauko ta fiye da kilomita 1,000 ta sauke a Kano.

Na ɗora baho mai faɗin santimita 40 a rufin wani shago da ke bakin ruwan, na zuba ruwa mai tsabta, na rufe da raga saboda tsuntsaye. Baho da raga ₦3,500.

Asabar, 11 ga Janairu

Baho ya tara giram 0.9 a makon da hazo ya fi kauri, kimanin giram 1 ke nan a murabba'in mita a rana. Tarko yana kama wajen 200. Hankalina ya kwanta ta wannan fuska.

Na aro na'urar auna iska ta hannu. Da hantsi, lokacin da hunturu ke kaɗawa sosai, tana kai mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa a bakin ruwan. A nan ne zaton da na shigo aikin da shi ya fara tangal-tangal, domin kusan duk abin da na karanta a kan tashin laka iska yake ɗora wa laifi. Ƙa'idar ita ce igiyar ruwa ba ta taɓa gindi sai zurfin ya gaza rabin tsawonta, tsawon kuma ya danganta da ƙarfin iska da nisan da ta yi tana gudu a kan ruwa. A nan nisan bai wuce mita 250 ba. Iskar mita 6 a wannan nisa tana ba da igiya mai tsawon kimanin mita 1.6. Rabinta santimita 80. Ke nan gefen kudu maso yamma kaɗai take iya sharewa, tsakiya mai mita 2 ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Akwai wani gajeren lissafi na wani masanin tafkuna, Hakanson, daga 1982: a ɗauki tushen murabba'in faɗin tafki da aka auna a murabba'in kilomita, a raba da matsakaicin zurfi a mita. Binciken da aka yi a tafkunan Florida ta Amurka ya nuna idan amsar ta haura 0.8, iska na iya motsa gindin tafkin ko'ina. Dam ɗin Tiga, da aka kammala a 1974, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 178, matsakaicin zurfi wajen mita 11, amsarsa kusan 1.2. Kududdufina 0.15. Duk da haka tarkon tsakiya cika yake yi. To wa ke dama ruwan?

Asabar, 18 ga Janairu

Ɗaya daga cikin tarkon ƙasa na tsakiya ya zo kusan wayam, ɗan'uwansa da ke jikin rodi ɗaya kuma cike. Da na juye shi sai ga 'yar tarwaɗa, ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, ta faɗo cikin roba tana mutsu-mutsu, gashin bakinta duk laka. Ta mayar da fayif ɗin gida, kullum tana kaɗa jela tana fitar da abin da ya taru. Awon wannan tarko na makon nan ya tafi.

Baba ya karɓe ta ya jefa a gorarsa. Ya ce, "Ɗana, ai ka daɗe kana neman mai laifi, ga shi ya kawo kansa. Tarwaɗa ba ta cin abinci a sama. Da dare take fita, ta sa baki a taɓo tana tono. Ka zo da asuba ka ga ruwan, ka dawo da la'asar ka sake gani." Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa min tun farko ba?" Ya ce ai iska na tambaye shi, ban tambaye shi kifi ba.

Na ɗaura raga mai manyan idanu, santimita 1, a bakin kowane tarko. Ƙaramin ido zai toshe da gansakuka ya hana laka shiga.

Lahadi, 26 ga Janairu

Daga Juma'a zuwa yau na raba awon gida biyu: tarkon rana daga fitowar rana zuwa magariba, tarkon dare daga magariba zuwa bayan asuba. Sanyin asubar nan sai wanda ya shiga. Baba bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, na ƙara masa ₦5,000 a kan abin da muka saba.

Matsakaicin tarkon ƙasa na tsakiya: rana giram 0.31, dare giram 0.58. Faifai da sassafe 17, da la'asar 24. Iska kuwa da dare kwanciya take yi, da hantsi take tashi. Lokacin da iska ta fi ƙarfi shi ne lokacin da laka ta fi ƙaranci.

Amma ban yarda in miƙa wa tarwaɗa laifin duka ba tukuna, don akwai wani mai aikin dare. Ruwan sama-sama da la'asar digiri 24 ne, na ƙasa 19. Da asuba na sama ya sauko 17, ya fi na ƙasa sanyi, ya fi shi nauyi, dole ya nitse na ƙasa ya taso. Wannan juyawar tana iya ɗaga lakar da ba ta gama zama ba. Sai an raba su biyun.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Durom ɗin roba huɗu, masu cin lita 200, na hannu, ₦9,000 kowanne. An yanke sama da ƙasa. Mun danna su cikin laka kimanin santimita 15 a inda ruwa ya kai santimita 55, a gefen arewa. Kafin mu bar su Baba ya lalube cikin kowanne da koma don kada a rufe da kifi. Biyu an bar su haka. Biyu an saka tarwaɗa ɗai-ɗai mai nauyin kimanin giram 300, aka rufe da raga don ta iya tsalle.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ko ba na'ura ido ya gani. A durom ɗin da babu kifi ina hango gindin, har da ramukan tsutsotsi ƙanana a saman lakar da wani ganyen darbejiya kwance. Ruwan ya tsaya garau a sama, lakar ta kwanta a ƙasa kamar gasara a roba. A masu kifi ko yatsana ba na gani idan na tsoma zuwa gaɓa ta biyu.

Na'urar auna dagulewa da na aro ta ce: wajen durom NTU (ma'aunin dagulewar ruwa) 140, marasa kifi 31 da 38, masu kifi duka sun haura 400. Ruwan sha dai ana so kada ya wuce 5.

Marasa kifin su ma sun kwana a sanyin nan, ruwansu ya juya kamar na waje, amma lakarsu ba ta tashi ba. Wannan ya rage wa sanyin dare ƙarfi a wurina, ko da yake bangon durom yana tare motsin gefe, kuma santimita 55 ba mita 2 ba ne. Haka nan tarwaɗa ɗaya a fili mai faɗin durom cunkoso ne da babu irinsa a kududdufin, ya haura tan 10 a hekta idan aka faɗaɗa. Gwajin ya nuna min wanda ke tono, bai nuna min rabonsa a cikin giram 200 ɗin nan ba. Zan rubuta shi a haka, ba zan ƙara masa gishiri ba.

Abin da ya sa nake ganin wannan ba ƙaramar magana ba ce: laka mai tashi tana tare hasken rana, ciyawar ƙasan ruwa ba ta fitowa, babu saiwar da za ta riƙe gindin, sai tashin ya ƙaru. Tana kuma sakin sinadarin fosfaras da ta adana shekara da shekaru, gansakuka ta samu abinci. A tafkunan Turai da aka datse musu ruwan ƙazanta an ga wasu sun ɗauki shekara goma ko fiye kafin su washe, saboda ajiyar da ke gindinsu. A Holan kuma an rage kifaye masu tonon laka a wasu ƙananan tafkuna ruwan ya yi haske. Don haka wanda ya ce a karkatar da kwata kawai a jira ruwa ya gyaru, zai daɗe yana jira. A karkatar da ita, wajibi ne, amma da sauran aiki a ƙasa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwashewa da mayarwa. An saki kifayen, an ciro durom. Faifai 20. Ruwa ya ja baya da santimita 24 tun Disamba, masu buga bulo sun ƙara injin ja na biyu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na iso na tarar ana su. Wasu masunta ne daga wajen gari, su kusan goma, aka ba su ruwan na yini. Sun ja taru daga wannan gaɓa zuwa waccan, gindinsa da dalma yana sharar laka. Baba ya je ɗaurin aure ƙauye tun jiya, gardin kuma ya yi magana ba a saurare shi ba. Rodin tsakiya da tarkonsa huɗu sun fito a cikin taru a lanƙwashe, na bakin kwata ɗaya ya ɓace. Awon mako guda ya salwanta a wuri biyu.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin babbansu ya yarda ya ba ni fayif ɗin, don ya ɗauka ni ma wani haƙƙi nake nema a kifin. Da ya fahimta ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba mu san da ajiya a ciki ba." Gaskiyarsa ce, babu alama a saman ruwa.

Tun da abin ya riga ya faru, na tsaya na auna. Faifai ya ɓace a santimita 6. Na'ura ta ƙure ma'auninta, sai da na surka ruwan da mai tsabta kafin ta karanta. Na cika kwalabe don tacewa, takarda ɗaya ba ta wuce mililita 30 take toshewa. Na kuma leƙa kamun nasu: tarwaɗa ta fi yawa nesa, sai karfasa, da gaiwa biyu. A ido na ƙiyasta buhu shida.

Gyaran rodi da sabon fayif ₦7,500.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Faifai: Lahadi 12, Litinin 15, yau 18. Saurin farko sannan jan ƙafa, daidai da dokar Stokes. Saurin nitsewar ƙwaya yana tafiya ne da murabba'in girmanta. Yashi mai laushi yana sauka mita ɗaya cikin minti biyu. Ƙwayar laka mai maikuron 20 (maikuron 1,000 ne milimita ɗaya) tana ɗaukar ƙasa da awa ɗaya. Ta yumɓu mai maikuron 2 sai ta yi kwana uku, shi ma idan ba abin da ya taɓa ruwan. Tonon dare ɗaya ya isa ya riƙe yumɓun a sama har wani daren ya zo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Faifai 27. Ban taɓa samun haka ba tun da na fara. An mayar da tarko takwas. Ina so in ga ko tarkon dare zai ragu yanzu da aka kwashe kifi masu yawa. Idan ya ragu, masuntan nan sun yi min gwajin da ba ni da kuɗin yi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Dare giram 0.36, rana 0.27. Na rana bai motsa sosai ba, na dare ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Sanyin dare ma ya fara sauƙi, don haka abu biyu suka canja tare, amma haɗe da sakamakon durom na fi karkata ga kifi.

Wata sabuwa kuma: tifa tana zuba ɓaraguzan gini da shara a kusurwar arewa maso gabas, da dare. Ƙasar tana zamewa cikin ruwa, kuma ita ma ba ta da ɓangaren rai da yawa, za ta shiga lissafina a matsayin lakar gindi. Na ɗebi samfurinta, ja ce mai tsakuwa, ana iya bambanta ta. Na sanar da mai unguwa. Damuwata ta wuce lissafi: kududdufan nan su ke shanye ruwan sama na unguwanni, duk wanda aka cike, ruwan Agusta sai ya nemi wani wurin, kuma gidajen mutane yake samu.

Kashe-kashe zuwa yau, har da sallamar Baba da gardi da man janareta: ₦168,000.

Lahadi, 2 ga Maris

An tashi da azumi jiya. Awon dare da rana na dakatar sai bayan Sallah, ba zan sa Baba shiga ruwa da asuba yana azumi ba. Tarkon mako-mako zai ci gaba, kwashewa ranar Asabar da hantsi.

Abin da ke gaba: shinge na ragar waya mai faɗin mita 3 kowane gefe a wuri mai zurfin mita ɗaya, a kore kifin ciki, a kafa tarko ciki da waje. Ruwa da sanyi za su ratsa raga, tarwaɗa ba za ta ratsa ba. Mai walda ya yi min kuɗi ₦55,000, ina neman ragi. Zan kuma ƙara tarko biyu kusa da inda tifa ke zuba ƙasa, in aika samfurin laka a gwada fosfaras idan kuɗi ya samu. Guguwar farkon damina ita ce jarrabawar iska ta gaske, don ta gabas take zuwa da ƙarfin da hunturu ba ya kaiwa, ga ruwa ya ja baya a lokacin. Dole shingen ya tsaya kafin ƙarshen Afrilu. Malamina yana so a kai irin wannan awo dam ɗin Wasai, inda Jakara ke zubewa, a kwatanta ƙaramin ruwa da babba. Na ce masa sai an ga kuɗin mota da na kwale-kwale.